Balan-balan ɗin Kaka Dogara

Duk wanda ya san kakana a unguwar Kamazou ya san aljihunsa ba ya rabuwa da balan-balan. Tun da ya bar koyar da fiziks, ko gidan makoki ya je sai ya ciro ɗaya, ya ɗiga masa ɗigo-ɗigo da biro, ya hura.

"Kun ga taurari," in ji shi. "Kowa gudun kowa yake. Haka sararin sama yake faɗaɗa."

Wata rana balan-balan ɗin ya fashe a fuskar shugabar zumuntar mata ta coci. Kaka ya dube ta ya ce, "Wannan sashen, Mama, masana ba su daidaita a kai ba tukuna."

Da Fasto ya zo duba shi, Kaka ya gaya masa yawancin abin da ke sama ba a ganinsa, sai dai a gane shi ta yadda yake riƙe taurari kada su watse.

"Ai Ruhu Mai Tsarki ke nan, Baba."

"Fasto, kada ka sace mini darasi ka kai coci."

Ni da ba na yawan magana, ina gefe ina kallo. Na san ba taurari ne suka dame shi ba. Babana da ƙanensa, Baba Luka, sun daina gaisawa tun gardamar inda za a binne mahaifiyarsu, ƙauye ko Kaduna. Kowace Lahadi Kaka yakan tilasta musu zama a gajeren benci ɗaya, da tuwo a faranti ɗaya. Ya ce a tsakiyar atam, wato ƙwayar zarra, akwai ƙananan abubuwa masu ture juna, amma in an matse su sosai, wani ƙarfi yakan kama su. Daga nesa ba ya aiki.

"Baba, mu ba atam ba ne," in ji Baba Luka.

"Na sani. Atam ya fi ku hankali." Ya juyo gare ni. "Amaryata, ɗauke waccan kujerar kada wani ya gudu."

Suna ci, kowa yana kallon bango. Na lura ko miya ba sa ɗiba daga gefe ɗaya.

Da ciwo ya kwantar da Kaka, ya ƙi shan magani sai ɗaya ya tallafe kansa, ɗaya ya riƙe kofi. Sun yi, ba tare da sun haɗa ido ba.

Ranar jana'izarsa su biyu suka ɗauki gaban akwati. Babana ya fi tsawo, na ga ya ɗan rusuna don nauyin kada ya faɗa wa ƙanensa. Bayan an rufe kabari, kowa ya shiga motarsa. Har yau ba su yi magana ba.

Ubangiji, ka ba Kaka hutu. Su kuma 'ya'yansa, kai da ka ga rusunawar nan, ka matso da su kusa.