Sawun da Na Share

Ni mace ce mai son tsabta, har fariya nake yi da ita, kuma ita ta ja mini abin da har yau nake cizon yatsa a kai.

Muna Dalijan, Nasara bai daɗe da shigowa ƙasar Gwandu ba. Wata safiya muka tarar an buɗe rumbunmu an ɗebe gero. Maigidana ba ya tauna magana, nan take ya ɗora laifin a kan Bafillacen da ke sauke shanunsa a gonarmu kowane rani don taki. Mutumin ya ce a kira mai bin sawu ya wanke shi. Aka aika Kalgo a zo da wani tsohon maharbi, wanda da ganin sawu zai faɗi tsayin mutum, da nauyin kayan da ya ɗauka, har fason dugadugansa.

Da na ji baƙo na tafe, sai na dubi gindin rumbu: ƙaiƙayi, kashin kaji, karmami. Dattijo ya taso daga wani gari ya ga gidana haka? Na ɗauki tsintsiya na share tas, har ruwa na yayyafa. Na ga sawun da idona, ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Washegari tsohon ya iso, ya daɗe a tsugune.

"Wa yas share wurin ga?"

"Ni ce, Baba."

"Ɗiyata, da kin kihe ƙwarya bisa sawu guda, da ya isa. Yanzu mi za ni dubawa?"

Aka je gaban alƙali a Gwandu. Babu shaida, Bafillacen ya rantse da Alƙur'ani, aka sallame shi. Amma bakin mutane bai sallame shi ba. Matarsa ta riƙa zagaye gari da nono ta koma da shi. Kafin damina suka kaɗa shanunsu suka tafi.

Da ruwa ya sauka, geron da ya zube daga taikin ɓarawon, wato buhunsa na fata, ya tsiro a jere, daga bayan dangarmu har ƙofar wan maigidana. Kowa ya gani, kowa ya kau da kai. Na roƙi maigida ya aika a nemo Bafillacen a ba shi haƙuri, ya ce tsakanin harshe da haƙori ba a shiga. Na ji haushi, amma na yi shiru, kuma shirun nan ya fi sharar ci mini rai.

Na sha tambayar Fulanin da ke wucewa, ba wanda ya san inda Bafillacen da iyalinsa suka nufa. In yana raye, har yau a saninsa ɓarawo muke kiransa.