Malam Ubale da Muryar Ƙarƙashin Ruwa

Idan aka idar da sallar asuba a Tudun Wada, kafin mai shayi ya gama jera kofuna, za ka ga wani siririn dattijo ya sunkuya yana hura gawayi a ƙofar wata rumfar kwano a gefen kasuwa. Ba shayi zai dafa ba. Ƙarfen narka dalma zai ɗora, domin wutar lantarki baƙuwa ce a wurinmu, shi kuwa bai taɓa yarda rashin zuwanta ya hana shi aiki ba. Sai ya shimfiɗa buzu, ya jawo akwatin kayan aiki, ya goge tabarau da bakin riga, ya zauna. Haka Malam Ubale Mai Rediyo ya yi shekara talatin da ɗaya.

Na ce "za ka ga", amma alƙalamina ne ya ƙi yarda da gaskiya. Tun watan jiya rumfar a rufe take. Ciwon yanar ido ya rufe masa idanu biyu, kuma ba wanda ya gaje shi. Na karanta labaran jarumai masu yawa, na yi wa wasu kuka, ashe akwai wanda ya fi cancantar hawayena a bakin hanyar da nake bi kullum.

Yana da wata al'ada da ta sha ba mutane haushi. Ba ya taɓa sukundireba sai ya yi tambaya biyu: "Yaushe rabonsa da lafiya? Me aka ƙara masa bayan nan?" Hamman, wani makiyayi daga wajen Falgore, ya taɓa kawo masa rediyo yana rantsuwa cewa haka kawai ta yi shiru. Sai da aka sha fura aka yi hira, sannan ya ce, "To, batir biyu dai na ɗaura mata a baya, don muryar ta riƙa iske ni a inda shanu suke." Malam Ubale ya yi dariya har tabarau ya faɗi, ya ce, "Hamman, ai ba gyara ta zo ba, ƙara ta kawo." Ya gyara ta. Hamman ya ciro matsefatar da yake cire ƙaya da ita ya ba shi kyauta, ta zauna a akwatinsa tun daga ranar.

Da bidiyo ta shigo, ya koye ta. Da kwamfuta ta fara ɓullowa, ya nemo wata matacciya daga Kano, ya yi wata uku yana kwance ta yana ɗaurawa, 'yan kasuwa suna yi masa dariya. Kai ne ba ka ji kunyar zama ɗalibi da furfura a gemunka ba, Malam Ubale.

Aikinsa na ƙarshe shi ne dalilin wannan rubutu.

Akwai wata tsohuwa, Inna Furera, cikin mutanen da aka tasa lokacin da ruwan Tiga ya ci ƙauyukansu. Kafin a tashe su, wani ɗalibin jami'a ya zaga da rikoda yana ɗaukar maganar magidanta, har da mijinta, Malam Sale. Malam Sale bai cika shekara a sabon mazauni ba ya rasu. Babu hotonsa, gidan da ya gina kuma yana ƙarƙashin ruwa inda ɗansa Jibrin yake jefa koma yanzu. Bana, bayan shekara ashirin da bakwai, wancan ɗalibi ya sa aka juye muryar a faifan sidi, ya aiko da shi ta hannun Malam Rufa'i, wani malamin makaranta a Ƙofa mai kwamfuta, tun da shi kaɗai aka sani da na'urar da za ta karanta faifan. Wasiƙar da ta zo tare da shi ta ce kaset ɗin asali ya lalace, kuma wanda ya aiko bai bar adireshi ba.

Malam Rufa'i ya gwada shi kaɗai, ya ji murya garau. Da ya kira Inna Furera a ranar, da ba ni da abin rubutawa. Amma girmamawa ta hana shi. Ya ce ba zai tara dattawa a gaban kwamfuta mai nawa da ƙaramar murya ba. Ya ɗauke ta ya kai Kano, aka ƙara mata babban ma'ajin bayanai da manyan lasifiku.

Ran Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, aka tayar da janareto. Jibrin ya goyo mahaifiyarsa a babur, ta ci ado da zanen da ba ta ɗaura shi sai ranar salla. Ina wurin. Aka saka faifai. Shiru. Aka fitar, aka mayar. Shiru. Kowa ya ɗora wa faifan laifi. Wannan ya hura masa iska, wancan ya goge shi da hula. Da Malam Rufa'i ya shiga gida neman littafin kwamfutar, Jibrin ya ɗauki faifan ya zaga baya, ya cuɗe shi da toka da ruwa yadda ake yi wa farantin da ake so ya yi ƙyalli. Ƙauna ce ta sa shi, wallahi ƙauna ce. Har azahar ba murya. Inna Furera ta miƙe ta ce, "Ku bar shi. Ruwan da ya ci gidan, shi ya ci maganar." Ta koma gida ta kwanta, ta daina cin abinci sosai.

Kwana huɗu bayan nan Malam Rufa'i da Jibrin suka ɗora kwamfuta a bayan a-kori-kura zuwa Tudun Wada, da ƙaramin janareto. Inna Furera ta ce sai ta bi. Malam Ubale ya tashi daga buzunsa ya shimfiɗa mata, ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya juya.

"Malam Rufa'i, yaushe rabonta da lafiya?"

"Kafin in kai ta Kano, Baba."

"Me aka ƙara mata?"

"Ai Baba, gyara ta aka yi. Faifan ne..."

"Ban tambaye ka faifai ba. Lafiyayye kuka kai asibiti, ya dawo a kwance, kuna tuhumar abincinsa?"

Ya buɗe ta. A nan na gane abin da ya daɗe yana ɓoye wa gari: ba ya ganin abin da ke ciki. Ya kusantar da fuska har hancinsa ya kusa taɓa ƙarfe, sannan ya haƙura ya ɗaga kai sama, ya bar yatsunsa suka yi gani. Ya bi wata faffaɗar waya da hannu, ya tarar sabon ma'ajin da gidan faifan a kanta aka haɗa su duka. Ya cire sabon, ya ce a kunna. Nan take kwamfuta ta ga gidan faifai.

"Kun gani? Ba abin da ya mutu," in ji shi. "A bayan kowannensu akwai wani ɗan baƙin abu, bai kai ƙwayar wake ba. Shi yake faɗa wa kwamfuta wanda za ta fara saurara. Mai gyaran Kano ya bar su duka a matsayin na farko, sai ta rikice."

Ya laluba akwati ya ɗauko matsefatar Hamman don ya sauya wa ɗan abin wuri. Sau uku ɗan abin yana kuɓuce masa. Zufa tana ɗiga daga gemunsa. Malam Rufa'i ya ce, "Baba, kawo in yi." Ya ce, "Kai ka yi naka." A na huɗu ya zauna daram.

Sannan ya ce a miƙo faifan. Ya shafa shi da bayan farce, sai na ga fuskarsa ta canza.

"Wa ya wanke shi?"

Jibrin ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Baba. Da toka."

Na zaci zai yi faɗa. Sai kawai ya ce, "A ina ka riƙe shi?"

"A tsakiya."

"To babban yatsanka ya cece mu kaɗan. Faifai daga ciki yake fara karatu." Ya juya wajen tsohuwa. "Inna, ba zan ruɗe ki ba. Abin da ya saura ba shi da yawa. Ki matso kusa."

Faifai ya juya. Aka ji kukan zakara, zakaran ƙauyen da babu shi. Aka ji wani ya yi gyaran murya, sannan ya ce, "Salamu alaikum. Ina kwananku? Ina gajiya?"

Inna Furera ta gyara mayafi kamar wadda aka shigo wa ɗaki. "Wa alaikumus salam. Lafiya lau, Malam," in ji ta. "Ka daɗe."

Muryar ta ci gaba: "Wannan gida da kuke gani, ni da mai ɗakina muka..." Sai ta sarƙe. Ta maimaita, ta sake maimaitawa, ta yanke. Daga hirar awa guda, abin da ya tsira ke nan. Malam Ubale ya gwada har la'asar, bai ƙaru da kalma ɗaya ba. Jibrin ya fita bayan rumfa, muna jin kukansa. Ita kuwa cewa ta yi, "A mayar da ita farko." Sau tara aka mayar, sau tara tana amsa sallama.

Da za su tafi ta ce, "Allah ya ba ka ladan idanunka." Ashe ita ma ta lura.

Bayan mako biyu ya rufe rumfar. Yanzu yana zaune a zauren gidansa, rediyon wani da bai ƙarasa ba a gefensa. Na tambaye shi wa zai gaje shi, ya ce samari sun zo sun tafi, kowa sukundireba yake so a miƙa masa, ba mai haƙurin tambaya. Abin da yake ci mini rai ke nan. Injuna sai ƙaruwa suke a garuruwanmu, mai sauraronsu kuwa ya tashi.

Kai ne ka ciro mana gaisuwa ɗaya daga ƙarƙashin ruwa, Malam Ubale, da matsefatar cire ƙaya, da idanun da suka riga suka yi maka sallama. Mun gode. Allah ya saka maka, ya haskaka maka inda ya fi nan.

Ku kuma samarin Bebeji da Kiru da Doguwa, zaurensa a buɗe yake, kansa kuma garau. Ku je ku zauna tun yana iya amsa muku sallama. Wata rana muryarsa za ku nema, shi kuwa ko faifai ba a ɗauka masa ba.