Arvid da Mahaɗi Mai Jakar Iska

Duk wanda ya san Arvid Tollefsrud a garinmu ya san shi da hali biyu: ba ya sayen ko ƙusa sai ya yi wata guda yana bincike, kuma ba ya yarda wani ya tuƙa shi a mota. Shekara arba'in da uku ya yi yana noman alkama da waken soya a nan jihar Dakota ta Arewa a Amurka, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Sai ya miƙa wa surukinsa gonar, ya yi abin da tsofaffin manomanmu suka saba yi. Ya sayi tirelar tafi-da-gidanka mai ɗaki da falo da kicin, irin wadda wuyanta ke hawa bayan a-kori-kura, da zarar Nuwamba ta kama ya ɗauki matarsa Verna su gudu Texas kafin dusar ƙanƙara ta toshe musu ƙofa.

Sun yi wannan tafiya sau shida. Bayan ta shidan ne Verna ta ce ya ishe ta.

Fizga ce ta gallabe ta. Mota na cikin tafiya sai ka ji tirela ta tunkuɗo ta ta baya, kafin ka gyara zama ta sake fizgo ta, haka har mil dubu da ɗari biyar. Verna takan isa Texas wuyanta ba ya juyawa, sai dai ta juya gaba ɗayanta idan an gaishe ta. In an buɗe ƙofar tirela kuwa, gari ya fashe a ƙasa, cokula suna kan gado, farantan da ta gada wurin mahaifiyarta sun ragu da ɗaya ko biyu. Wata safiya a watan Afrilu ta ajiye masa ƙwai da biredi a gabansa, ta ce, "Bana kai kaɗai za ka tafi, Arvid. Ni wurin yayata zan yi sanyin a Fargo."

Arvid ya ƙura wa farantin ido. Shekara arba'in da shida da aurensu, bai taɓa kwana uku a jere ba tare da ita ba, kuma wata biyar a Texas babu Verna a wurinsa ɗaurin talala ne kawai da rana mai daɗi. Yana son matar nan ƙwarai. Amma mazan garinmu, Allah ya shirye su, sun gwammace a cire musu haƙori da su faɗi irin wannan magana. Ya daɗe yana juya ƙwan da cokali, sannan ya ce, "Mahaɗin ne, Mama."

Mama yake kiranta tun ranar da suka haifi 'yarsu ta fari. Mahaɗi kuma shi ne faifan ƙarfen da ke kafe a bodin mota, inda wuyan tirela ke zama ya kulle. Nasu tsohon yayi ne, ƙarfe kan ƙarfe. Arvid ya ji labarin akwai wani mai jakunkunan roba da ake hura wa iska, su riƙa shanye girgiza kafin ta iso ga mutanen da ke gaba. Ya ce ta ba shi zuwa kaka.

Daga nan gidan ya koma makaranta. Takardun talla suka cinye teburin cin abinci, har suka koma cin abinci a kan cinya. Mai jaka biyu zai saya ko mai huɗu? Mai famfon kansa ko wanda ake hurawa da hannu? Don ya san nauyin da wuyan tirela ke ɗora wa mota, sau uku ya ja ta zuwa sikelin rumbun hatsi na gari, inda ake auna manyan motoci: sau ɗaya tankin ruwa a cike, sau ɗaya babu ruwa, sau ɗaya kuma da keken ɗinkin Verna a ciki. Ya buga wa wani kamfani waya har matar da ke amsawa ta riƙa tambayarsa lafiyar gwiwa.

Kullum da hantsi yakan kai rahoto shagon gahawa, inda tsofaffi ke zama a teburin bakin taga. Duane Hegstad, abokinsa tun firamare, shi ne ba ya raga masa.

"Kai dai ka yanko tsohuwar taya ka cusa a ƙarƙashi, ka huta," in ji Duane.

"Da ma irin shawararka ke nan. Shi ya sa tarakta uku suka mutu a hannunka."

"Biyu ne. Na ukun wuta ce ta ci. To yanzu wanne ka zaɓa, ko sai mun je jana'izarka mu tarar da amsar a aljihunka?"

A Satumba ya zaɓi mai jaka biyu da famfon kansa. Aka kawo shi cikin akwatin katako, sai da mutum uku suka kama aka shigar da shi gareji. Da wani ne, da ya ɗaura shi a ranar. Arvid kuwa ya ce mutum ba zai san sabo ya fi ba sai ya auna tsohon tukuna. Dabararsa ita ce ya zauna cikin tirela da kofin gahawa cike taf a kan tebur, da littafi da fensir, a ja shi mil talatin da tsohon mahaɗi, ya rubuta sau nawa gahawar ta zube. In ya ɗaura sabon, a maimaita.

Saura direba. Surukinsa na tsakiyar girbi, Duane kuwa ko keke Arvid ba zai ba shi ba. Sai Verna. Ita ce ta yi shekara talatin tana jan motar hatsi daga gona zuwa rumbu duk kaka, amma a wurin Arvid wannan aikin gona ne, ba tuƙi ba. Ya tsaya a bakin tagar mota ya fi minti ashirin yana nuna mata birki da madubi da yadda ake shan kwana.

"Arvid," in ji ta, "je ka shiga."

Ya shiga, ya zauna, ya kafa wa kofin ido, fensir a hannu. Suka tashi. Ya jira fizga, shiru. A mil na biyar ya rubuta: babu komai. A mil na goma ya leƙa ta taga don ya tabbata tafiya ake yi, ya ga sandunan waya na wucewa da gudu. Gahawar ɗan rawa kawai take yi a bakin kofi. Ya ce bari ya ɗan kishingiɗa a kujera, daga can ma ai zai ga kofin.

Buɗe ƙofa ce ta tashe shi. Verna ce tsaye, a gaban shagon gahawa ta faka, Duane yana leƙe ta bayan kafaɗarta. Kofi na nan cike, ya yi sanyi.

"Gudu nawa kika yi?" in ji Arvid, yana goge baki.

"Sittin da biyar, irin naka."

"Ta gadar nan mai ramuka kika bi?"

"Zuwa da dawowa."

"To ina fizgar?"

Verna ta kalli Duane, ta kalli mijinta, da alama ta so ta rufa masa asiri. Sannan ta ce, "Ni hanya nake kallo, Arvid. Kai gonakin mutane kake kallo. Da ka hango masara sai ka taka birki, ka miƙa wuya, ka ce wannan ya makara da shuka, wancan ciyawa ta ci ƙarfinsa. In ka gama sai ka tuna tafiya muke, ka take totur. Gona nawa ce daga nan zuwa Texas?"

Duane ya dafa bangon tirela yana dariya har tari ya sarƙe shi.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na faɗa a Nebraska. Na faɗa a Kansas. A Oklahoma sau biyu. Kana kallon auduga."

Kunya ta kama Arvid har kunnuwansa suka yi ja. Kwana biyu yana zaune a gareji a kan akwatin da bai buɗe ba. A na uku ya yanke shawara zai daina kallon gonaki, shi ke nan. Ya haɗa tirela shi kaɗai, ya ja hularsa ƙasa, ya ƙura wa farin layin titi ido. Ya yi mil huɗu lafiya lau. Sai ga waken soyan wani maƙwabci, ciyawa ta fi shi tsayi, abin takaici. Ƙafarsa ba ta ko yi shawara da shi ba. Ya ji tirela ta daki motar ta baya, ya ji wani abu ya tarwatse a kicin. Nan ya gane wannan ciwo ba mai warkewa ba ne.

Duk da haka ya ɗaura sabon mahaɗin, tun da an riga an kawo. Ya hura jakunkunan, ya rage, ya ƙara, har suka tsaya daidai kan layin da takarda ta ce. Jakar Verna ta Fargo tana nan a shirye a bakin ƙofa, kullum sai ya tsallake ta kafin ya fita.

A garinmu, namijin da ke zaune a gefe matarsa na tuƙi, ko dai daga asibiti yake ko an ƙwace masa lasisi. Kuma hanyar kudu ɗaya ce, ta gaban tagar shagon gahawa take wucewa. Arvid ya san wannan sarai.

Ranar tafiya, bayan karin kumallo, ya same ta a kicin tana ɗaure masa abincin hanya na mutum ɗaya. Ya tsaya yana murza makullin mota a hannu kamar mai ɗumama shi.

"Mama," ya ce, "in na zauna a wancan gefen, za ki zo?"

Ta dubi makullin. "Har Texas?"

"Har Texas. Da dawowa."

"Ba za ka koya mini tuƙi a hanya ba?"

"Zan yi iya ƙoƙarina."

Ta goge hannu, ta karɓa. Ta ciro wani biredin ta fara yanka na mutum na biyu, ta ce ya kai mata jakarta cikin tirela. Arvid ya ɗauki jakar da sauri, don idanunsa sun ciko, ba ya son ta gani.

Da suka zo gaban shagon, tsofaffi bakwai sun jeru a taga, Duane har ya tashi tsaye. Arvid ya yi niyyar sunkuyawa ya ɗaure igiyar takalmi. Ya fasa, ya miƙe zaune, ya ɗaga musu hannu, suka wuce.

Bayan gari gonaki suka buɗe hagu da dama, ya kalli abinsa son ransa, ya zagi shukar mutum uku, motar ko gezau. Can ya gyara murya.

"Kin ji laushin sabon mahaɗin nan kuwa?"

"Na ji, Arvid," in ji ta. Ta miƙo hannu ta kama nasa.

"Hannu biyu a sitiyari, Mama," ya ce. Amma bai sake ta ba.