Ƙoran Inna Kande da Bencin Baya

Ni tsohuwar shugabar makarantar firamare ce a Sabon Gari. A zamanin da aka horar da mu, an koya mana kada mu furta magana sai mun auna ta. Abin da zan faɗa a nan na auna shi, ba ni kuma da niyyar janye ko kalma ɗaya.

Karatuna na farko ba a gaban allo na yi shi ba. A ƙauyenmu na yi shi, can bayan Bomo, a gaban murhun kakata Inna Kande, wadda sana'arta zanen ƙwarya. Idan an girbe duma, an fafe, an shanya, sai aikinta ya tashi. Da an ci tuwo da magariba, takan hura wuta a tsakar gida, ta jera wuƙaƙenta bakinsu cikin garwashi, mu jikoki mu kewaye ta da gasasshiyar gyaɗa a hannu. Har yau idan na ji ƙaurin abu ya ƙone kaɗan, ina jin muryarta. Takan zaro wuƙa ta yi ja, ta ɗora a bayan ƙwarya, hayaƙi ya tashi siriri, labari kuma ya bi hayaƙin. Idan wuƙa ta huce, labari ya tsaya cak, ko da kura ta buɗe baki za ta kama mutum, sai ta sauya wata.

"Inna, ki ci gaba mana!"

"Ke, uwar gaggawa, wuƙa mai sanyi ba ta zane. Ki bari kurar ta huta, ita ma ta gaji."

Ɗakinta kuwa abin kallo ne. Ƙorai a jere, manya da ƙanana, wasu a rataye cikin ragaya har kusa da jinka. Mata sukan tako daga ƙauyuka don su gani. Su tsaya, su karkata kai, su yi gardama: wannan layin ya karkace, wancan hannun ya nuna. Zanen da ta fi so shi ne ƙadangaru biyu da suka haɗa wutsiya, kowanne yana duban nasa gefen.

Akwai tatsuniyar da ta fi yawan ba mu, kuma tana da yadda take buɗe ta. Takan ce, "Ga ta can tafe bisa ruwa." Mu amsa, "Ta iso gaci mu tsince ta."

Wai a wata shekarar yunwa mutanen wani gari suka watse. A wajen haye kogi, kwalekwale ya tafi da 'yar wata mai zanen ƙwarya, uwar tana wannan gaɓa tana kira. Da damina ta dawo da albarka, mutane suka komo, amma ba yarinya. Sarkin garin ya tara jama'a ya ce ya gano dalilin yunwar: mata sun shagala da ƙawa. Daga ranar, kowace ƙwarya ta zauna fara fat, wadda aka samu da zane a fasa ta. Kowa ya bi, sai wannan mata. Duk shekara takan zana ƙwarya guda da irin zanen da 'yarta ta tashi tana gani, ta kai bakin kogi ta sake ta. Dogarai suka fasa mata jere. Maƙwabta suka ce baƙin ciki ya taɓa mata hankali. Aka kai ta gaban sarki, ya ce, "Ba ki ji doka ba?" Ta ce, "Na ji, ranka ya daɗe. Gari naka ne, amma kogi ba naka ba ne." Shekaru suka shuɗe. Can nesa, wata matar aure tana wanki a bakin ruwa, ƙwarya ta zo ta daki ƙafarta. Ta juya ta, ta ga zanen. Ta bar wankin nan a kan dutse, ta bi kogi sama, tana nuna ƙwarya gari gari, har ta iso ƙofar uwarta.

Inna takan rufe da cewa, "Nan ta nutse. Wanda ya ce ƙarya ce, ya je ya tambayi kogi."

Wata rana na ce mata, "To sauran ƙoran da ba su kai wurin yarinyar ba fa? Asara ke nan."

Ta hura garwashi, ta harare ni. "Asarar me? Wani ya sha ruwa da su. Mai zane ba ta zaɓar mai tsinta, ƙawata. Nata ta saki."

Ina nan da wayona lokacin da gidanmu ya karɓi bishara. Wani matashin mai wa'azi ya ce a fito da kayan tsohuwar hanya a ƙone. Aka fito da layu da guraye, Inna da kanta ta miƙa nata. Sai ya leƙa ɗakinta, ya ga ƙadangarun nan, ya ce su ma a fito da su. Ta tsaya a bakin ƙofa, 'yar tsohuwa da ba ta kai kafaɗarsa ba.

"Ɗana, layu ka ƙone, ban hana ka ba. Zuciyata na ba Yesu, bai tambaye ni ƙoraina ba. Idan yana so, ya zo da kansa, in dama masa fura a wadda ta fi kyau."

Aka yi mata baftisma, jerenta yana nan. Da ta rasu aka raba ƙoran, zamani ya cinye su, guda ɗaya ce ta kawo ni tsufa, ita ma sai da gyartai ya ɗinke ta a baki.

Bayan na yi ritaya, jikata Rifkatu, wadda ke zaune a wurina, ta shiga sashen zane-zane na jami'ar da ke Samaru. Sashen yana da zauren nuna ayyukan fasaha, wanda ɗalibai ke kira galari. Ranar da ta fara kai ni, na ga akuyar da aka ƙera da tarkacen babur da aka tsinto a Chikaji, na ga wani allo da aka shafe da ja da baƙi wanda har yau ban san abin da yake nufi ba. Amma na ga yaran firamare na Samaru a layi, malamarsu tana tambayarsu me suka gani, kowane yaro yana ba da amsa dabam, ba a kuma ce wa ko ɗaya ya yi kuskure ba. Na yi shekarun aikina ina neman aji irin wannan.

A shekararta ta ƙarshe Rifkatu ta koyi zanen wuta wurin wata tsohuwa a Bomo. Ta zana ƙorai masu yawa, ta rataye su da ragaya daga rufin zauren, suna lanƙwasa kamar kogi tun daga ƙofa har ƙurya. A ƙuryar ta sa ta Inna Kande, mai zanen ƙadangaru da ɗinki a baki.

Ba a daɗe ba hoton aikin ya kai hannun dattawan ikilisiyarmu. Shugabansu, Dattijo Bulus, ya zo gidana. Wannan Bulus ni na koya masa riƙon fensir. Ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce dattawa sun zauna. Ƙadangarun nan alamun tsafi ne na kakanni, kuma 'yar mawaƙan ikilisiya ba za ta rataye su a bainar jama'a ba. Ko ta sauke su, ko a sa ta a horo: a cire ta daga mawaƙa, a hana ta jibin Ubangiji, ta koma bencin baya.

Na ce, "Bulus, ka je ka gani?"

"Malama, ba sai mutum ya taɓa wuta ba kafin ya san tana ƙuna."

"A aji uku na hana ka amsa tambayar da ba ka karanta ba. Ashe ban gama aikina ba."

Ya sunkuyar da kai, amma bai sauka ba. "Ki yi haƙuri, Malama. Yau ba a aji muke ba."

Wanda bai tashi cikin ikilisiya ba, ba zai san nauyin bencin baya ba. Nan ake ajiye wanda ya yi abin kunya, kowa ya shigo sai ya wuce ta gabansa. Rifkatu tana waƙa tun tana 'yar makarantar Lahadi. Ta zauna a gefen gadona tana kuka.

"Kaka, bari in sauke. Ƙorai ne kawai."

Ban ce mata ta sauke ba, ban ce ta bar su a rataye ba. Na ba ta tatsuniyar mai zanen ƙwarya, yadda aka ba ni. Da na kai wurin da matar ta amsa wa sarki, ta share ido ta ce, "Wannan tsohuwar taki ta cika taurin kai."

"Ita da Inna Kande ai halinsu ɗaya, jinin Inna kuwa yana jikinki, yarinya. Ki san yadda za ki yi da shi."

Ba ta sauke ba.

Ni kuwa na nemi malamin da ke kula da zauren, na tambaye shi ko tsofaffin mata da ba su yi boko ba suna iya shiga. Ya ce, "Mama, ƙofar nan ba ta tambayar takarda. Ki kawo su, ni zan buɗe." Ranar Asabar na cika motar haya da matan zumuntar ikilisiyarmu daga Sabon Gari. Cikinsu har da Mama Saratu, mahaifiyar Bulus, wadda ta girme ni, tana dogara sanda.

A ƙofa suka fara tuɓe takalma, ɗalibai suna cewa ba sai sun cire ba. Wata ta ja mayafina ta ce, "Malama, a nan ake ajiye gumakan?" Wata ta tsaya gaban akuyar ƙarfe tana dariya: "Wannan dai ba za ta ci wa kowa dawa ba." Sai suka ɗaga kai suka ga ƙorai, surutu ya mutu. Da ya dawo kuwa, irin na ɗakin Inna ne. Su karkata kai, su nuna da baki.

"Wannan ta danna wuƙa da yawa."

"Ke kuma da kika iya, ina naki?"

"Ai jere ne! Jere ne aka yi wa ɗaki babba!"

Mama Saratu ta bi ƙoran a hankali har ƙurya. Ta tsaya gaban tsohuwar ƙwaryar, ta ɗaga hannu, ta dubi malamin. Ya ce ta taɓa. Ta bi ɗinkin da yatsa, ta bi wutsiyoyin nan biyu.

"Wa ya ba ku ƙadangarun uwata?"

Na ce na kakata ne, Kande ta bayan Bomo. Ta zauna a ƙasa ba tare da ta nemi kujera ba. Ta ce uwarta 'yar wannan yanki ce, aure ya kai ta nesa, ta tafi da ƙwarya mai wannan zane. Ana yi wa 'yar da za ta yi aure a nesa ne: ɗaya ƙadangaren yana duban gidan miji, ɗaya gidan uba, wutsiya kuwa a haɗe. A garinsu ba a samu mai tsayawa a bakin ƙofa ba, aka ƙone ta tare da layu, ita Mama Saratu tana yarinya tana kallo. Tun ranar ba ta sake ganin zanen ba. Ɗalibai suka zauna a ƙasa kewaye da ita suna tambaya, tana amsawa, hawaye yana bin kuncinta ba ta share ba. Ni da na kwana da ƙwaryar nan tsawon rayuwata, ranar na san abin da aka zana a kanta.

Kada mai karatu ya zaci dattawa sun sauko. Ba su sauko ba. Ranar Lahadi Bulus ya tashi ya sanar da horon Rifkatu. Ta cire rigar mawaƙa, ta ninke, ta tafi bencin baya, kanta a miƙe. Wurin zamana a bencin gaba yake tun ina aiki. Na ɗauki Littafina da jakata, na bi tsakiyar majami'a ba tare da sauri ba, na zauna kusa da ita. Ban gama gyara zani ba na ji ƙarar sanda a kan siminti. Mama Saratu ce. Ta iso ta ce, "Matsa mini, 'yata, ƙafafuna ba sa son gaba yau." Wasu mata suka biyo ta, wasu suka tsaya inda suke, ban kuma riƙe su a zuci ba. Bulus ya buɗe baki zai ba da lambar waƙa, ya dubi uwarsa, sai mataimakinsa ne ya bayar.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Inna labarin uwa da 'ya ne. Da na girma na ce labarin haƙuri ne, haka na koya wa yara. Sai da na tsufa na gane cewa labarin kogi ne. Kowace al'umma tana bukatar wurin da mai hannu zai saki abin da ya yi, ba tare da an tsare shi a gaci ana tambayar wa ya ba shi izini ba. A zamanin Inna ɗakin jere ne. A namu, wancan zaure ne na Samaru, inda ɗan firamare da farfesa da tsohuwa mai sanda suke tsayawa gaban abu ɗaya. Masu cewa baƙon abu ne da aka kawo mana daga waje, su je su tambayi iyayensu mata.

Bayan wasu watanni aka ɗage horon, ba hayaniya, Rifkatu ta koma cikin mawaƙa. Aka aiko mini cewa wurina na gaba yana nan yana jirana. Na gode wa ɗan saƙon, na ce ya gaya wa dattawa benci nasu ne, su ba wanda suke so. Ni da Mama Saratu muna baya har yanzu. Daga nan muryar yarinyar ta fi fitowa.