Rijiyar Masu Raƙuma

A 'Yandoto aka haife ni, aka kai ni aure Bungudu gidan wani manomi mai sanyin hali. Ba a daɗe da shigowar Nasara ƙasarmu ba muka sa niyyar hajji. Shekara shida muna tafiya a ƙasa, mu yi noma nan, mu yi ƙwadago can, har muka iso Sawakin a bakin Bahar Maliya. A can maigidana ya samo mana aiki a wani jirgin katako da iska ke turawa. Shi yana jan igiyoyin babban ƙyallen jirgin, ni ina dafa wa maza goma sha ɗaya abinci. Mai jirgin ya ce ƙarshen tafiyarsa Jidda ne, sai dai bai faɗa mana zai biya garuruwa da yawa tukuna ba.

Wata takwas muka zauna a kan ruwa. Ɗakina tabarma ce da aka kewaye a bayan jirgi, murhuna akwati ne cike da rairayi. Duk garin da muka tsaya ni ake aika kasuwa sayen itace da albasa. Na ga Musawwa, inda zafi ke hana kare haushi. Na ga Hudaida da buhunan gahawa jibge kamar damman gero a bakin rumbu. Na koyi ciniki da yatsu, na koyi cin kifin da ya fi ni tsawo.

Mai jirgin mugun mutum ne. Yana da igiya mai ƙulli uku, da ita yake magana. Na ga ya zane wani tsohon matuƙi har bayansa ya tsage don ya zubar da moɗa ɗaya ta ruwa. Ya taɓa dukan maigidana a baki, haƙori biyu suka fita. Da nake gasa masa wurin na ce, "Malam, mu sauka mana."

Ya ce, "Mu sauka ina? Yi haƙuri, saura kaɗan."

Sai iska ta ɗauke. Kwana tara ƙyallen na rataye kamar wanki, ruwan sha ya koma moɗa ɗaya ga mutum a yini. Ran kwana na goma, da hantsi, muka hango dabino a gaɓa. Mai jirgin ya ɗauki tsohuwar bindigarsa, ya zaɓi maza biyar har da maigidana, ya ce in biyo su da salkuna tunda na iya jan guga. Muka shiga kwalekwale.

Mun tarar da rijiya, makiyaya kusan goma suna shayar da raƙuma. Wani dattijo cikinsu ya ɗaga hannu yana nuna mana mu jira dabbobin su gama. Maigidana ya yi masa sallama, ya zauna a ƙasa. Ko a Bungudu haka ake yi, wanda ya riga ka zuwa rijiya shi ke fara ja. Mai jirgin kuwa ya fizge gugan daga hannun dattijon, da mutumin ya riƙe igiyar sai ya buga masa gindin bindiga a goshi.

Kafin dattijon ya kai ƙasa makiyayan sun fito da mashi da takobi. Bindigar ta tashi sau ɗaya, wani raƙumi ya durƙusa yana kuka. Wani matuƙinmu ya faɗi da sara a wuya, jini na tsartuwa kan salkunana. Maigidana ya miƙe da hannuwa biyu sama yana cewa, "Don Allah! Don Annabi!" da Hausa, wadda ba mai ji. Wani dogon mutum cikin makiyayan ya soke shi da mashi ƙarƙashin haƙarƙari, ya taka cikinsa yana ƙoƙarin zare mashin.

Akwai dutsen da ake danne igiyar guga da shi. Na ɗauka da hannu biyu na sauke wa mutumin a ƙeya. Ya faɗi kan maigidana, na ƙara masa, na kuma ƙara. Ƙarar ta yi kamar fasa ƙwarya. Ban san ko ya rayu ba, ban tsaya dubawa ba. Ni da wani matuƙi muka ja maigidana har kwalekwale, duwatsu na sauka a bayanmu. Salka biyu kacal muka tsira da su.

Washegari da azahar maigidana ya cika, kansa a cinyata. Abin da ya faɗa na ƙarshe shi ne in gaya wa Inna, mahaifiyarsa, ya kusa isa.

Mai jirgin ya ce a ɗaura masa dutse a jefa ruwa. Na tashi na zuba rairayi kan wuta, na kife tukunya, na zauna a kanta. Na ce ba wanda zai ci komai sai an sa mijina a ƙasa. Ya zo da igiyarsa ya shauɗa mini sau huɗu a kafaɗa. A na biyar tsohon matuƙin nan ya riƙe hannunsa, sauran suka taso suka tsaya a bayansa. Mai jirgin ya dube su, ya jefar da igiyar.

Iska ta dawo da la'asar. Muka tsaya a wani ɗan tsibiri marar kowa, matuƙan suka haƙa rairayi da hannu da katako, suka yi wa maigidana salla, suka binne shi.

Bayan kwana ashirin na sauka Jidda. Na yi hajjina, na bi ayarin mutanen Tsafe zuwa gida, shekara huɗu a hanya. Yanzu ina zaune Gusau wurin ƙanena. Har yau idan na yi salla nakan roƙa wa mutum biyu gafara, mijina da dogon mutumin nan, don ban san ko yana da 'ya'yan da za su roƙa masa ba.