Askar Bunu

Duk garin Guri babu wanda bai san Bunu wanzami ba. Shekara arba'in yana rataye da zabira, daga gidan suna zuwa gidan suna, in ruwa ya ci hanya ya hau kwalekwale. Askarsa ta gado ce, kuma ba ya yarda a tsoma ta a tafasasshen ruwa, wai zafi na kashe kaifi. Ya goge ta da tsumma, ya wasa a fata, shi ke nan. Kai, mutumin nan akwai taurin kai!

Bara ne cikin ɗansa Fatihu ya kumbura, idanu suka yi ɗorawa. Aka kai shi asibiti a Haɗeja. Likita ta zaunar da Bunu ta ce:

"Baba, dajin hanta ne. Ƙwayar cutar hanta ta daɗe a jikinsa, wataƙila tun yana jariri. Tana ƙera wani furotin nata. A cikin hanta akwai mai gadin da ke kashe duk ƙwayar halittar da ta lalace, to furotin ɗin nan shi ke ɗaure masa hannu. Sai lalatacciyar ta yi ta hayayyafa a ɓoye, shekara da shekaru."

"A ina ya same ta?"

"Ta jini take bi. Mun gwada mahaifiyarsa, ba ta da ita. An taɓa yi masa tsaga?"

Bunu ya dubi tsagar da ke kumatun ɗansa. Aikin hannunsa ne, tsaf, ba karkata. 

Kafin a yanke shinkafa aka binne Fatihu.

Tun daga ranar, safiya ɗaya ce ke dawo wa Bunu. Jarirai uku ya yi wa aski da tsaga a safiyar nan, da aska ɗaya, da tsumma ɗaya: Umara, sannan Fatihu, sannan Musa. Wallahi tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa sani ba. In ya shiga kasuwa ba ya ganin mutane, tsagarsa kawai yake gani tana yawo a fuskoki.

Ya tafi gidan su Umara don ya ce masa ya je a gwada jininsa. Uwar Umara ta ce, "Ayya, Baba Bunu, ba ka ji ba? Ai ya rasu a Legas shekara biyu ke nan. Ciki ne ya kumbura."

Saura Musa. Bunu ya same shi a fadama yana bugun shinkafa, ƙato, sai zufa yake yi.

"Baba, lafiya da rana tsaka?"

"Ɗana, don Allah ka bi ni Haɗeja gobe a duba jininka."

Musa ya tuntsire da dariya. "Ni? Ƙalau nake, Baba!"

Yana dariyar, hannunsa na dafe da ƙasan haƙarƙarinsa na dama, daidai inda Fatihu ya riƙa dafewa.