Baba Mai Garwa da Mabuɗin Ɗakin Baya

Kafin a buɗe ƙofar majami'a, Baba Mai Garwa ya riga ya share haraba, ya goge benci, ya cika randa. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Amma ba shara ce ta ba shi suna ba.

A bayan majami'ar akwai wani ɗan ɗaki marar taga, inda ake ajiye abin da mutane suka tono a gidajensu ko suka kwance daga jikinsu bayan sun tuba: ƙaho, ƙulli, 'yar tukunya mai baki ɗaure da jan ƙyalle. Ko ƙadangare ba ya hawa bangon nan. Dattawan ikilisiya kansu sukan kewaya ta wajen famfo, wai can ya fi inuwa. Mabuɗin yana hannun Baba, shi ke ƙona kayan a tsohuwar garwa, da rana tsaka. In an tambaye shi dalili, sai ya ce Shaiɗan ne mai son duhu, shi kam ko da rana da ƙyar yake ganin kan ashana.

Dokarsa ɗaya ce. Ba ya ƙyasta wuta sai wanda ya kawo abin ya yi wa wanda yake zargi addu'ar alheri, ya kuma ambaci sunansa. Nan ne mutane da yawa ke cijewa.

Wata tela ta taɓa zuwa da ƙulli a leda, magina ne suka tono shi a ƙarƙashin dokin ƙofar shagonta. Ta yi ɓari sau biyu, kuma ta riga ta yanke hukunci: ƙanwarta ce, wadda suka daina gaisawa tun rabon shagon da uwarsu ta bari. Ta faɗa a fili cewa ana gama ƙonawa za ta nemi boka ya mayar wa mai shi.

Baba ya karɓi ƙullin, sai ya ji shi da ɗumi kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai. Kajin da ke tono a wurin suka yi tsit. Tsoro ya kama shi, bai taɓa ɓoye wannan ba. Duk da haka ya nemi addu'ar, ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta yi ba.

Ya ce, "'Yata, ko ƙanwarki ce ta binne, ba ita ce abokiyar gabarki ba. Wanda muke yaƙi da shi ba ya da jini. So yake mu ƙona wannan, ki koma gida da ƙullin da ke ƙirjinki."

Ta daɗe a tsaye. Daga baya ta yi addu'ar tana cizon haƙora, sunan ya fito da ƙyar. Baba ya kira sunan Yesu, ya sa reza ya farke ƙullin: allura mai tsatsa, ɗan gashi, an naɗe su da ƙyallen zane. Telar ta zube ƙasa. Zanen uwarsu ne, wanda ta ɗaura ranar buɗe shagon, lokacin ƙanwar tana goye a baya. Tsohuwar ce ta binne da hannunta, wai don tsari. Matan da ke wurin sun shaida cewa hayaƙin ya ƙi tashi, a ƙasa ya riƙa jan ciki yana zagaya ƙafafunsu, har suka gama waƙa.

Kai ne, Baba, ka koya mana cewa sulke na Allah ba na ado ba ne, kuma mai jin tsoro ma yana iya tsayawa. Garkuwa marar ƙara, ba ka taɓa hawa bagadi ba, amma ka hana gidaje rushewa. Mun gode, Ubangiji ya saka maka.

Ranar Lahadin nan Baba ya yi murabus, ido ya gaza. Fasto ya ɗaga mabuɗin, ya tambayi wanda zai karɓa. Maza suka duƙufa gyaran takalmi. Ku da ke karatu, in irin wannan mabuɗi ya zo gabanku, kada ku sunkuyar da kai. A wurinmu dai telar ce ta miƙe, ƙanwarta na biye da ita riƙe da ashana.